Ƙodarmu da Abin da Muke Dafawa
Jawabin kwamitin lafiya a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, manyan baƙi da 'yan'uwa mambobi, barkanmu da ganin wannan rana, Allah ya maimaita mana. An ba kwamitinmu minti goma sha biyar, muka ce a kan ƙoda za mu yi magana, domin a 'yan shekarun nan kuɗin asusun taimako da muke fitarwa, kaso mai tsoka a kan ciwon ƙoda yake tafiya: ko mijin wata, ko mahaifiyar wata, ko ita mambar da kanta.

Ƙoda biyu Allah ya ba mu, kowace ba ta fi dunƙulen hannu ba. Amma a kowace rana suna tace ruwan jini kimanin lita 180, wato jarka tara mai cin lita ashirin, su mayar da mai kyau cikin jiki, su fitar da dattin a fitsari. Matsalar ita ce ƙoda ba ta da ƙorafi. Tana iya rasa rabin ƙarfinta mutum na ta zuwa gona yana cin tuwonsa. Sai ƙafa da fuska sun fara kumbura, fitsari yana kumfa, ga kasala ga tashin zuciya, sannan a garzaya asibiti. To a lokacin sau da yawa sai dai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu. Waɗanda suka yi jinya sun san abin da hakan yake yi wa jari.

Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu kashe ƙoda, wannan kowa ya sha ji. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne guba irin ta ƙarfe, wadda ke shiga jiki ta abinci da ruwa kaɗan-kaɗan, ba ɗanɗano ba wari. Guda huɗu aka fi ambata: dalma, kadmiyam, asanik da zaiba.

Dalma kam mun san ta, don a gida ta yi mana ɓarna. A shekarar 2010 aka gano yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega. Yara aƙalla 400 suka rasu. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida a daka a niƙa, kuma duwatsun cike suke da dalma. Wani lokaci turmin da aka daka dutse shi ake daka hatsi, injin da ya niƙa dutse shi zai niƙa gero. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, a kwano, a hannun yaro mai rarrafe. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Yara ne suka mutu nan take, amma dalma tana kwanciya a ƙashin babba shekara da shekaru, tana ɗaga masa jini tana cin ƙodarsa a hankali.

Labarin kadmiyam shi ya fi tsaya mana a rai, saboda mata manoman shinkafa ya fi kamawa, kamar mu ɗin nan. A ƙasar Japan, yankin Toyama, akwai kogin Jinzu da ake ban ruwan shinkafa da shi, kuma can sama ana haƙar ma'adinai ana zuba dagwalon a kogin. Shinkafa ta zuƙi kadmiyam, mutane suka ci shekara da shekaru. Ƙodarsu ta lalace, ƙashinsu ya yi laushi har tari kaɗai kan karya haƙarƙari. Sunan cutar ma daga kukan masu ita aka samo shi, itai-itai, kamar mu ce wayyo-wayyo. Sai a 1968 gwamnatinsu ta amince cewa kadmiyam ne sanadi. Mafi yawan waɗanda abin ya kwantar dattijan mata ne da suka yi haihuwa da yawa. Me ya sa mata? Idan jiki yana ƙarancin sinadarin ayon, wato abin da muke kira ƙarancin jini, hanji yakan ƙara buɗe ƙofa don ya samu, sai kadmiyam ya bi ta wannan ƙofar. Wa ya fi mu ƙarancin jini, tsakanin al'ada da ciki da goyo? Kuma idan ya shiga ƙoda, rabinsa kaɗai kan ɗauki shekara goma zuwa talatin kafin ya fita.

A yankunan noman shinkafa na arewacin Siri Lanka, da gonakin rake na Nikaragwa da El Salbado, ana samun manoma majiya ƙarfi da ƙodarsu ta lalace ba tare da suga ko hawan jini ba. Nan kusa da mu, mutanen Gashuwa da kewayenta a jihar Yobe sun daɗe suna kuka da yawan ciwon ƙoda. Masu bincike a waɗannan wurare suna duba abubuwa da dama tare: aikin ƙarfi cikin zafin rana ba tare da isasshen ruwan sha ba, maganin feshi, irin ruwan rijiyar da ake sha, da kuma waɗannan ƙarafa. A ganinmu dai ba sai an gama tantance mai laifi guda ba kafin mu toshe ƙofofin da ke hannunmu.

Kuma ƙofofin na da yawa. Lambun da ake shayarwa da ruwan kwata ko dagwalon masana'anta, ganyensa irin su alayyahu da latas sun fi zuƙar ƙarfe. Wanki yana cire ƙurar da ke kan ganye, amma ba ya cire abin da ya riga ya shiga jijiyarsa. Haka tafasa ruwa: yana kashe ƙwayar cuta, ba ya kashe ƙarfe, sai ma ya ƙara masa kauri idan ruwan ya ƙone. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu masu jiƙa shinkafa mu turara ta mu sayar. Ruwan da muka jiƙa da shi, abin da ke cikinsa yana iya bin shinkafar har tukunyar wanda ya saya. Sharar gari da ake kaiwa gona a matsayin taki, a riƙa tsince matattun batura da tarkacen kayan lantarki kafin a watsa. Takin zamani mai fosfet shi ma yakan zo da ɗan kadmiyam, gwargwadon dutsen da aka yi shi da shi. Ba cewa muka yi a daina sa taki ba fa, kar wata ta je gida ta ce kwamiti ya hana. A dai tsaya a ma'aunin da malamin gona ya faɗa.

Sai tukwanen nan namu na biki, waɗanda ake narka tsofaffin kayan mota da na inji a zuba. A 2014 an gwada irinsu a Kamaru, aka ga wasu na sakin dalma cikin abinci, musamman idan abin mai tsami ne. Mun san ba za a zubar da su gobe ba, tsada gare su. Amma kar a bar miyar tumatir, ruwan tsamiya ko zobo su kwana a ciki, a juye su da zarar an sauke. Sabuwar da ta fara zubar da baƙi ko ta yi ramuka, a mayar da ita ta ɗumama ruwan wanka.

Yanzu iyayenmu ku yi mana afuwa, za mu taɓa wurin da ke da ƙaiƙayi. Kwallin dutse mai ƙyalli yawancinsa dalma ne, kuma jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Man bilicin kuwa da yawansu zaiba ake sa musu, tana ratsa fata ta tafi ƙoda. Ga kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da ake sha kullum bayan an tashi daga sussuka ko casa, wata har ta haɗa biyu. Ƙodar da ƙarfe ya riga ya raunana, su ke ƙarasa ta. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Abin da ke taimakawa ba mai tsada ba ne. Wake, zogale daga wuri mai tsafta, kifi, nono, da shan maganin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo, duk suna rage yadda jiki ke zuƙar dalma da kadmiyam. Yaro kar ya fita wasa da yunwa, domin cikin da babu komai ya fi ɗaukar dalma. Maigida in zai tafi fadama, a cika masa jarkar ruwa, ba 'yar gora ba. Wanda ke aikin haƙar zinariya ko fasa batirin mota ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shigo gida, kuma kar a wanke kayansa tare da na yara.

Kwamiti ya kawo buƙata uku gaban wannan taro, Hajiya Shugaba za ta sa a ɗaga hannu bayan an ci abinci. Ta farko, a cire kuɗi daga ribar bana a kai ruwan rijiyoyi biyu da muke jiƙa shinkafa da su ɗakin gwaji, a duba mana waɗannan ƙarafa. Ta biyu, a sayi tamfol na shanya, mu daina baza gumi a gefen titi. Ta uku, a ware rana ɗaya kowace shekara, bayan girbi, a ɗauko ma'aikatan lafiya su auna mana jini da suga da fitsari, wadda aka ga furotin a fitsarinta a tura ta gwajin jini na ƙoda, asusun taimako ya biya rabi. Kowace mamba za ta iya zuwa da mutum ɗaya daga gidanta. Mai son a sa sunan mijinta ko surukarta ta ga sakatariya kafin a tashi.