Agajin Farko Ga Wanda Ya Sha Ruwan Batir



Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana abin da ya wajaba a yi idan mutum ya sha asid bisa kuskure. Wanda aka fi cin karo da shi shi ne ruwan batirin mota, watau asid ɗin salfa, wanda yawansa cikin ruwan yakan kai kamar kashi ɗaya bisa uku. Akwai kuma wasu ruwayen wanke masai masu ɗauke da asid. Sau da yawa mafarin haɗarin shi ne zuba su cikin kwalbar lemo, yaro ya zo da ƙishirwa ya ɗaga ya sha.

Asid yakan ƙona duk naman da ya taɓa, tun daga baki har ciki, ɓarnar kuwa takan soma nan take. Alamunsa su ne zafin baki da ƙirji, dalalar miyau, kasa haɗiya, dishewar murya da aman jini. Amma rashin ganin ƙuna a baki ba shaida ba ce cewa ciki ya tsira.

Abubuwa uku ne jama'a suka saba yi da kyakkyawar niyya, garin neman gira a rasa ido. Na farko, sa mutum amai. Wannan yakan dawo da asid ya sake ƙona maƙoshi, yana kuma iya faɗawa huhu. Na biyu, ba shi kanwa don ta kashe kaifin asid. Haɗuwarsu takan haifar da zafi da iska, iskar ta kumbura cikin da ya riga ya raunana, har ya huje. Na uku, ɗura masa manja ko madara ko gawayi. Waɗannan ba sa warkar da ƙuna, sai dai su jawo amai, su kuma hana likita ganin raunin sosai.

Abin da ya dace shi ne a sa shi ya tofar da abin da ke bakinsa, ya kurkure da ruwa ya zubar. A cire tufafin da asid ya jiƙa, a wanke fata ko ido da ruwa mai gudana har minti 20. Kada a ba shi ci ko sha. In yana cikin hayyacinsa a zaunar da shi. In ya suma a kwantar da shi ta gefe ɗaya. Daga nan sai asibiti ba tare da jinkiri ba, a riƙe kwalbar, a kuma faɗi lokacin da ya sha.

A asibiti likita zai fara duba numfashi, domin kumburin maƙogwaro yana iya toshe hanyar iska. Galibi akan leƙa cikin da na'ura kafin awa 24 ta cika. Ko bayan sallama da sauran aiki, domin daga mako 3 zuwa gaba tabon yana iya tsuke hanyar abinci, har mutum ya kasa haɗiye tuwo. Da an ga haka, sai a koma asibiti.

A ƙarshe, lalle ne kowane magidanci da kowane mai cajin batir ya bar asid cikin mazubinsa na asali, ya kulle shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.