Awara Cikin Roba: Shin Garin Furotin na Waken Soya Yana Sa Ƙiba?

  

Wani ɗan yayata ne ya jawo mini wannan batu. Dogo ne siriri, shekararsa 22, yana koyon ɗinki, abokansa kuma ba su da sunan da suke kiransa sai Tsinke. Bayan ƙaramar Sallah ya shigo gidana rungume da wata baƙar roba, a jikinta an buga hoton wani ƙato mai damatsa kamar taɓarya biyu a haɗe. Ya dire ta a gabana ya ce, "Kawu, don Allah duba mini, anya ba jabu suka sayar mini ba?" Kuɗin ɗinkin Sallarsa kakaf ya zuba a kanta. Wata biyu yana kaɗa ludayi ɗaya da safe, ɗaya da dare, amma da ya hau sikeli allurar tana nan inda ya bar ta. Na juya robar na karanta abin da ke bayanta. Garin furotin ne na waken soya, kuma ban ga alamar algus ba. Sai na tambaye shi me yake karyawa da shi. Ya ce ai tun da ya fara shan garin ba ya jin yunwa da safe, har ya daina sayen koko da ƙosai. Na ce to, nan gizo ke saƙa.

Waken soya ba baƙo ba ne a wurinmu, ko da yake asalinsa daga ƙasar Sin yake. An shigo da shi Nijeriya a 1908, 'yan ƙabilar Tibi na Binuwai suka daɗe suna riƙe da nomansa, daga baya cibiyar IITA da ke Ibadan ta fitar da irin da ya karɓi ƙasarmu, ya bazu har Kaduna da Kano. Yau babu unguwar da za ka shiga da la'asar ba ka tarar da yarinya a bakin kaskon awara ba. Busasshen waken, a kowane giram 100 akwai furotin kamar giram 36, da mai kamar giram 20, sauran kuma dangin sitaci ne da dusa da ɗan ruwa. Jimillar ƙarfin da yake bai wa jiki ta kai kalori 440.

Me masana'anta take yi masa kafin ya shiga roba? Duk wadda ta taɓa yin ƙuli-ƙuli ta san rabin amsar. Ana niƙa gyaɗa, a matse mai, a bar tunkuza. Haka ake yi wa waken soya, sai dai su da wani sinadari ɗan gidan fetur suke tsotse man, ba da hannu ba. Sauran rabin amsar yana wurin mai awara. Ana jiƙa tunkuzar waken a ruwa mai kaifi irin na kanwa, furotin ya narke ya bar dusa, a tace, sannan a zuba abu mai tsami ya dunƙule, kamar dai yadda madarar wake take kamawa idan an zuba mata ruwan tsami. Sai a wanke, a busar da iska mai zafi, a sa ɗan zaƙi da ƙamshin cakulan. Abin da ya fito, kusan kashi 90 cikin 100 furotin ne zalla. Wato awara ce da aka raba ta da manta, aka busar, aka sa mata kwat da lakatayi.

Ku lura da abin da aka cire: mai da sitaci. Su ne kuma ramamme ya fi bukata. Giram ɗaya na furotin kalori 4 yake bayarwa, na sitaci ma 4, na mai kuwa 9. Ludayin da ke cikin robar yana ɗaukar kamar giram 30 na gari, ya ba ka furotin giram 25, da kalori tsakanin 110 da 120. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa, wanda uwargida take tsiyayawa a kan garau-garau ba tare da ta ko duba ba, shi ma kalori 120 ne. Jiki kuwa ba ya ajiye nama sai abin da ya shiga ya fi abin da aka ƙona, kuma kafin a ajiye kilo ɗaya na kitse sai rarar ta kai wajen kalori 7,700. Ku yi lissafin da kanku. Mai shan ludayi ɗaya a rana zai haura wata biyu kafin ya tara wannan, shi ma da sharaɗin bai rage ko loma ɗaya daga abincinsa ba.

Sharaɗin nan shi ne mai wuyar cikawa, domin a cikin sinadaran abinci babu mai riƙe ciki kamar furotin. Yana daɗewa kafin ya narke, yana kashe yunwa, kuma wajen sarrafa shi jiki yana ƙone kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da ke cikinsa. Shi ya sa a Turai da Amurka masu neman rage teɓa suke sayen irin wannan robar. Kanti ɗaya, gari ɗaya, a sayar wa mai son ya rame, a sayar wa mai son ya yi jiki. Ɗan yayata ya musanya koko mai sukari da ƙosai biyar da suka sha mai da ruwan gari, kuma a wannan ciniki shi aka ci riba a kansa.

Idan kuna son ganin yadda masu ceton rai suke sa jiki ya ciko, ku dubi abin da ake bai wa yara masu tamowa. A 1996 wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, tare da kamfanin Nutriset, suka haɗa abin da ake kira Plumpy'Nut. An ga amfaninsa sosai a yunwar 2005 a Nijar, musamman a yankin Maraɗi. Me ke cikin 'yar ledar? Niƙaƙƙiyar gyaɗa, garin madara, sukari, mai, da sinadaran bitamin. Nauyinta giram 92, ƙarfinta kalori 500. Babu wanda ya yi tunanin cire mai daga cikinta. Kamfanonin roba ma sun san haka, shi ya sa suke da wani gari daban na masu neman ƙiba, wanda idan ka karanta bayansa za ka ga mafi yawansa sitacin masara ne da aka sarrafa ya kusa zama sukari. Mu da muke da gero da dawa a rumbu, sayen sitaci da kuɗin dala sai dai a kira shi ganganci.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya kushe garin. Furotin ɗinsa mai kyau ne. Akwai tubala tara na furotin da jiki ba ya iya ƙerawa da kansa sai ya samo a abinci, kuma waken soya yana cikin 'yan tsirarun tsirrai da suka haɗa duka taran daidai gwargwado. Har ma yana da yalwar wanda gero da dawa da masara suke da ƙarancinsa, mai suna laisin, shi ya sa zuba garin waken a kunun yara dabara ce mai ma'ana. Mutumin da ba ya aikin ƙarfi yana bukatar kamar giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai ɗaga ƙarfe da niyyar tara tsoka kuwa yana amfana har zuwa giram 1.6. Saurayi mai kilo 55 ke nan zai tashi daga giram 44 zuwa 88, kuma a gidan da nama sai ranar Juma'a, cike wannan giɓi ba wasa ba ne. A nan ludayin yake da rana. Haka ga tsoho mai ƙarancin ci, da wanda madarar shanu take ɓata wa ciki. Masu gidajen motsa jiki sukan ce garin da ake yi daga ruwan cuku ya fi na waken soya, kuma gaskiya ne ya ɗan fi shi tubalin da ke zaburar da tsoka. Amma da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi na makonni a kan masu ɗaga ƙarfe, ba a ga bambancin a zo a gani ba. Abin da babu makawa shi ne ƙarfen. Tsoka ba ta girma don an jibge mata tubali a ƙofa, sai an wahalar da ita tukuna, kuma ko sabon shiga mai himma da wuya ya tara fiye da kilo ɗaya na tsoka a wata.

Na san tambayar da samarin da ke can baya suke jin kunyar yi, bari in yi musu ita. Shin waken soya yana rage mazakuta, ko ya fito wa namiji da nono? Tushen maganar shi ne waken yana da wasu sinadarai da ake kira aisofilabon, waɗanda ƙirarsu ta yi kama da ta sinadarin mata, estirojin. Kama da wane dai ba ta wane. A 2010 an tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maza, aka sake tattarawa a 2021 da ƙarin wasu, duka biyun ba su nuna waken soya ko garinsa yana rage sinadarin maza ba. Labarin da ake yawan jingina da shi na wani dattijo ne a Amurka da ƙirjinsa ya kumbura, amma shi kusan lita uku ta madarar waken yake sha kullum. Mutanen Sin da Japan sun shafe ɗaruruwan shekaru suna cin awararsu. Ta ɗaya ɓangaren ma kada a zuzuta shi. A 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta cewa giram 25 na furotin ɗinsa a rana yana iya rage haɗarin ciwon zuciya, sai ga shi a 2017 ita da kanta ta kawo shawarar janye wannan izini, don hujjar ba ta kai yadda aka zata ba.

Akwai waɗanda ya kamata su yi hattara. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin kowane iri sai da izinin likitansa. Mai shan ƙwayar maƙoƙo ya raba lokacinta da na garin da 'yan sa'o'i, don waken yana hana hanji tsotse maganin yadda ya kamata. Wanda waken yake sa wa borin jini ya bar shi baki ɗaya. Jariri kuwa ba a musanya masa nonon uwa da wannan gari. Iyayenmu masu yin nasu a gida, ku soya waken sosai ko ku dafa shi kafin a kai niƙa, domin ɗanyensa yana da abin da ke hana ciki narkar da furotin, wuta ce kawai take kashe shi.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro ba waken ba ne, robar ce. Dokar Amurka ta 1994 ba ta wajabta wa masu irin waɗannan kayan su sami amincewar hukuma kafin su kai kasuwa ba, kuma da yawa daga can ake kwaso mana su. Gwajin da aka saba yi ma ba furotin yake aunawa kai tsaye ba, naitirojin yake aunawa, wannan dai da manoma suka sani a takin zamani, sai a ninka a ce ga yawan furotin. Mugu yana iya zuba wani abu mai naitirojin ya ruɗi ma'auni. Haka aka yi a ƙasar Sin a 2008, aka zuba melamin a madarar jarirai, yara kusan 300,000 suka kamu, shida suka rasu. A 2018 kuma wata ƙungiya a Amurka mai suna Clean Label Project ta gwada ire-iren garin da yawa, ta sami ɓurɓushin dalma da makamantanta, kuma na tsirrai ya fi na madara ɗauke da su. Wannan fa kayan da ke da suna da adireshi ke nan. Ina ga wanda ake ƙullawa a farar roba babu lambar NAFDAC, ana tallarsa a WhatsApp da TikTok, ana yi wa amarya alkawarin za ta ciko kafin ranar kamu? Duk garin da ya cika wannan alkawari cikin mako biyu, ni dai zargina ba zai wuce an niƙa masa sha-ka-fashe ba. Wannan ƙwaya ta dekzametazon tana buɗe ci, ta tara ruwa, fuska ta yi zagaye kamar faifai, ciki ya fito, ƙafafu su tsotse, nankarwa ta tsaga fata. Bayanta hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi suke biyowa, kuma wadda ta daɗe tana sha ko dainawa ba ta isa ta yi farat ɗaya ba, sai likita ya janye mata a hankali.

Kafin a kai ga sayen komai ma, a tambayi ramar daga ina take. Wani haka Allah Ya yi shi, haka ubansa yake, haka kakansa, lafiyarsa kuma ƙalau. Ma'aunin da likitoci suke bi shi ne a raba nauyi da tsawo sau biyu, idan sakamakon ya gaza 18.5 a ce akwai rama. Mai tsawon mita 1.70 sai ya yi ƙasa da kilo 53 da rabi zai shiga wannan sahu. Amma wanda yake da jikinsa sai aka ga yana zubewa, ga tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko zufar dare, ko yawan fitsari da ƙishirwa, ko zawo, ko faɗuwar gaba da rawar hannu, wannan asibiti ya kamata ya nufa. Tarin fuka, ciwon suga, ƙanjamau, tsutsar ciki da damuwa duk ta rama suke fara sallama, kuma kowane wata da aka ɓata ana kaɗa gari, cutar ce take samun sarari.

Shi ɗan yayata mun fara ne da gwaji, aka ce lafiyarsa lau. Na ce ya koma wa mai kokonsa ya ba ta haƙuri. Garin da ya rage kada ya zubar, amma ya daina kaɗa shi a ruwa kafin kari, ya riƙa zuba ludayi ɗaya a kunun gyaɗa bayan ya ci tuwon dare. Da rana fura da nono, da la'asar awara da yaji, a aljihun rigarsa kuma gyaɗa da dabino, yana taka keke yana jefawa a baki. A bayan layinsu akwai samarin da suka cika gwangwanayen madara da siminti suka soka musu bututun ƙarfe, ya shiga cikinsu kwana uku a mako. Bayan wata uku ya ƙara kilo biyu da rabi. Har yanzu Tsinke suke kiransa, shi ma ya daina jin haushi. Robar kuwa tana nan a madafar yayata, ƙaton nan mai damatsa yana gadin garin kuka.