Jawabin Shugaban Gareji a Bikin Yaye Kanikawan Motocin Makaranta

 

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagaci da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Allah gafarta Malam, limaminmu. Shugabannin makarantun da muke kula da motocinsu, jami'an kiyaye haɗurra da na duba lafiyar motoci, abokan sana'a da suka rufe rumfunansu a Ƙofar Ruwa suka zo, direbobi, iyayen waɗannan yara maza da mata: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ku yi mini haƙuri idan magana ta karkace. Na fi sabawa da kwanciya ƙarƙashin mota a kan tsayuwa gaban manya, wannan babbar rigar ma tun safe nake kaffa-kaffa da ita kada ta taɓa baƙin mai.

Yara 14 muke yayewa yau. Wanda ya fi daɗewa a cikinsu ya yi shekara 6 a hannunmu, ranar da mahaifinsa ya kawo shi ko sifana mai lamba 12 ba ya iya bambantawa da mai lamba 14. Dukansu sun fara daga inda kowa ya fara: wanke noti da fetur, miƙo kaya, shara, da aike. Yau kowane ɗayansu zai sauke inji ya mayar ba tare da noti ɗaya ya ragu a ƙasa ba. Iyaye, kun ba mu amana, ga ta nan mun dawo muku da ita. Allah ya saka muku da alheri a kan haƙurin da kuka yi, musamman iyaye mata da suka sha wankin kayan da sabulu ba ya iya musu.

Akwai wanda ya tambaye ni, me ya sa muka ware motar makaranta muka mai da ita fanni guda, alhali bas bas ce? HiAce ɗin da ke kai yara makaranta ita ce dai take jigila tsakanin Kano da Zariya, Coaster ma haka. Amsata ita ce, bambancin yana kan kujera. Babban mutum idan ya shiga motar haya ya ji birki na kuka, zai yi wa direba magana. Idan ya ji warin hayaƙi zai buɗe gilashi, idan abin ya ishe shi ya ce a sauke shi. Yarinya 'yar shekara biyar ba ta san kukan birki ba. Idan salansa ta huje hayaƙi na shigowa ta ƙasan bodi, barci kawai za ta fara, malama kuma ta ɗauka ba ta yi barci da wuri ba ne jiya. Mai guba a cikin hayaƙin nan ba shi da wari ba shi da launi. To wa zai ji a madadinta? 'Ya'yana, wannan kunnen ku ne.

Kuma motar makaranta wahalarta daban ce, duk da ana ganin ba ta zuwa ko'ina. Motar da ta kama hanyar Kaduna injinta zai yi zafi ya daidaita, ta yi ta tafiya a giya ɗaya. Tamu kuwa daga wannan lungu sai wancan, ta tsaya ƙofar gida talatin kafin ƙarfe takwas, a taka birki a taka kuloci, a bar ta a kunne ana jiran wani ya gama shan koko. Kilomita kaɗan ne a agogo, amma birki da kuloci da batir sun ga ta kansu. Shi ya sa muka koya muku kada ku dogara da agogon mota kaɗai wajen juyen baƙin mai, ku haɗa da kalanda. Da hunturu ƙura ta toshe matatar iska cikin 'yan makonni. Da bazara lagireto ya yi ta tafasa, musamman wanda aka saba ɗura wa ruwan rijiya har ya yi tsatsa ya toshe. Da damina kuma ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Sai dogon hutu ya zo a jingine ta wata biyu, batir ya mutu, ɓeraye su yi gida a cikin wayoyi, sannan ranar Lahadi da daddare a bugo maka waya wai gobe ake komawa makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hutun ɗalibai shi ne lokacin aikinku mafi nauyi.

Bari in ba ku labarin da ban taɓa ba ku a gareji ba, don kunyarsa nake ji. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ban daɗe da samun 'yancin kaina ba, wata makaranta ta ba ni kula da bas ɗinta guda. Wata Laraba da yamma direban ya ce mini birki na yin laushi. Na leƙa na ga bututun man birki na baya yana tsattsafowa, ɗan danshi ne kawai kamar zufa. Na je na gaya wa mai makarantar a saya sabo. Ya ce yara na jarrabawa, kuɗi kuma sai ƙarshen wata, in lallaɓa. Ni kuma ina tsoron kada aikin ya kuɓuce mini, sai na goge wurin, na ƙara mai, na ce wa direba ya bi a hankali. Washegari da safe, a 'yar gangarar ƙofar makarantar, ya taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Allah ya sa ba gudu yake ba, katanga ce ta tare su. Da na iso a guje, ba motar na fara gani ba. Wani yaro na gani zaune a bakin kwata, farar rigarsa duk jini, ya dunƙule hannu. Na buɗe hannun, haƙoransa biyu ne a ciki, yana riƙe da su zai kai wa babarsa. Ba wanda ya rasu, alhamdu lillahi. Mai makarantar bai ce mini komai ba, ni ma ban ce masa ba, don kowa ya san abin da ya yi. Amma shi bai san man birki ba. Ni na sani.

Tun daga ranar na koyi jimla guda, ita ce kuma nake so ku fita da ita daga wannan wuri: “Wannan motar ba za ta fita yau ba.” Faɗinta ya fi sauke giya wuya. Za ku faɗa wa wanda ya haife ku a shekaru, wanda yake biyan ku, yana tsaye iyaye na kiran wayarsa. Ku faɗa da ladabi, ku rusuna, ku nuna masa abin da idonsa, ku gaya masa nawa ne da kuma awa nawa zai ɗauka. Amma kada ku miƙa makulli. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Iyayen gidanmu masu makarantu, a nan zan roƙe ku. Na san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin jigila ya zama abin da ya zama, kayan gyara ma sun bi dala sun hau. Amma idan yaron nan ya ce muku taya ta mutu alhali kuna ganin zanenta da sauransa, ba cuta ba ce. Ku sa ya nuna muku lambobi huɗu da ke gefenta. Idan an rubuta 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan, jami'an kiyaye haɗurra da ke zaune a nan kuma shekara 4 suke ba taya daga ranar da aka yi ta. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Haka man birki: yana shan danshin iska a hankali. Nau'in DOT 3 yana sabo sai zafi ya kai digiri 205 kafin ya tafasa, idan ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a wajen 140, kuma da ya tafasa birki ya zama iska. Shi ya sa ake juye shi duk bayan kamar shekara 2, ko da launinsa bai ba ku tsoro ba. Araha ba ta ado, balle a birki.

Mu ma kanikawa muna da namu laifin, gara in faɗa da bakina a gaban Hakimi. Mun saba mota na zafi sai mu cire tamostat mu jefar, mu haɗa fanka kai tsaye, mu ce ai na ƙasar sanyi ne. Fis ya ƙone mu naɗa waya a gurbinsa, ranar da wayoyi suka kama wuta mu ce tsautsayi. Waɗannan yaran mun hana su, duk wanda ya ga ɗayansu na yi ya zo ya gaya mini ko ina kan gadon asibiti.

Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne ƙofa. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, amma har yau ana shigo da bas ɗin da aka ƙera don ƙasashen da ke bin hagu, a juya sitiyari a bar ƙofar fasinja a inda take. Ma'ana yaro zai sauka a tsakiyar titi, gaban mai babur da mai adaidaita. Irin wannan ba ta dace da ɗalibai ba ko nawa aka rage muku. Sannan sakatar ƙofa, da notin kujera, da ƙasan bodi inda tsatsa ke cin rami daidai ƙafar yaro, da madubi. Yaron aji ɗaya idan ya tsaya dab da gaban Coaster direba ba ya ganinsa sam. Madubin da ya karkace aikin minti biyu ne.

A Amurka, tun a 1939 wani malami mai suna Frank Cyr ya tara wakilan jihohi da masu ƙera motoci a birnin New York, suka zauna suka tsara yadda motar makaranta za ta kasance, har da launin ruwan ɗorawa da aka san ta da shi, don baƙin rubutu ya fito sosai a kansa da duku-dukun safiya. Mu nan mun iya shafa fentin. Abin da ke ƙarƙashin fentin shi ne aka bar wa bakanike.

Sana'ar kuma tana sauyawa a hannunmu. Mu mun tashi a kan Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna a wancan lokacin, da kafireto da kunne muke gane ciwon mota. Ku kun zo zamanin da ake soka wa mota na'ura ta faɗi abin da ke damunta, ga kuma masu mayar da motocinsu kan gas na CNG. Ku je ku koya wurin waɗanda suka sani, kada girman kai ya hana ku. Tukunyar gas da aka yi wa walda a bayan gari kuwa, ko kyauta aka ba ku kada ta kwana a motar yara. Ku kula da kanku ma: kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, na yi jana'izar abokin sana'a a kan haka.

Direbobi, ku da waɗannan kanikawan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Abin da kuka ji a hanya ku faɗa da wuri, ku daina jira sai ta tsaya.

Yanzu za a kira ku ɗaya bayan ɗaya. Mai girma Hakimi zai miƙa wa kowa takardar shaidarsa da akwatin kayan aiki. A cikin akwatin, saman sifanu, akwai littafi mai bango baƙi da biro. Kowace mota a buɗe mata shafinta: ranar da aka juye mai, ranar da aka sa taya da lambarta, abin da direba ya ce, abin da aka gyara, da abin da aka ce a saya ba a saya ba, mai makaranta ya sa hannu a ƙasa. Bayan an gama, Allah gafarta Malam zai rufe mana da addu'a, akwai abinci a rumfar baya, mata a ɓangaren dama. Ku huɗun da za ku ci gaba da zama tare da mu, farar Coaster ɗin nan tana kan rami tun jiya, gobe bayan sallar asuba za mu buɗe ƙafafunta na baya.

Allah ya yi muku albarka, ya sa wa hannuwanku albarka, ya tsare yaran da za ku ɗauki nauyinsu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.