Jinyar Sassauci Tun Da Wuri Ga Masu Sankarar Sakoma



Abin da zan yi magana a kai yau shi ne wata cuta da ba ta da yawa amma tana da tsanani, da kuma irin kulawar da ta kamaci mai ita idan ta yi nisa har likitoci suka ga warkewa ta yi wuya. Cutar ita ce sankarar da ake kira sakoma. Kulawar kuwa ita ce wadda zan kira jinyar sassauci, watau jinyar da manufarta rage wa majiyyaci azaba da kyautata masa zama. Abin da nake so in nuna shi ne bai kamata a jinkirta wannan jinya zuwa makon ƙarshe ba.

Da fari, mece ce sakoma? Yawancin sankarar da muka saba ji, kamar ta nono da ta hanta, tana tasowa ne daga gaɓoɓin ciki ko daga fata. Ita kuwa sakoma tana fitowa ne daga abubuwan da suke riƙe da jiki: ƙashi, da tsoka, da kitse, da guringuntsi, da hanyoyin jini. Ba cuta ɗaya ba ce, ire-irenta sun haura 50. A cikin manya, wajen kashi 1 cikin 100 na masu sankara ne suke da ita, amma a cikin yara da matasa rabonta ya fi haka nesa ba kusa ba. Akwai wadda take kama ƙashin samari da 'yan mata, galibi kusa da gwiwa. Akwai kuma wadda likitan Amurka James Ewing ya bayyana a 1921, wadda har yau ake kiranta da sunansa. Idan sakoma ta yaɗu, ta jini takan bi, kuma huhu ne wurin da ta fi sauka.

A ƙasarmu akwai wani abin da yake ƙara wa lamarin nauyi. Sakoma takan fara ne da kumburi marar zafi a cinya ko a dantse, ko ciwon ƙashi da ake ɗauka targaɗe ne. Sai a kai yaro wurin mai ɗori, ko a yi ta shafe-shafe wata da watanni, kafin a je asibiti. Saboda haka da dama daga cikin masu ita sukan iso ne bayan ta riga ta yi nisa. Ina roƙonku ku riƙe wannan: duk ƙullutun da yake girma, ko ya kai girman ƙwan kaza, ko yake can cikin tsoka, to likita ya kamata ya gan shi, ko da ba ya ciwo.

To, idan ta riga ta yaɗu fa, me magani zai iya yi? Tun shekarun 1970 maganin da ake fara bayarwa ga sakomar tsoka da kitse shi ne wanda ake kira dozorubisin, ana ba da shi ta jijiya. Yakan rage ƙari ko ya tsai da girmansa na wani lokaci a jikin wasu, amma yana zubar da gashi, yana sa amai, yana raunana jini, kuma idan ya taru da yawa a jiki yana lahanta zuciya. A 2014 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Turai, inda aka gwama shi da wani magani mai suna ifosfamid. Waɗanda aka ba biyun, tsaka-tsakin rayuwarsu wata 14.3 ne, waɗanda aka ba ɗaya kuwa wata 12.8, bambancin da masana suka ce bai kai a dogara da shi ba, alhali wahalar magani ta fi yawa ga masu biyun. Har wa yau, a 2016 an amince da wani sabon magani, olaratumab, aka sa rai ƙwarai, amma da babban gwajinsa ya fito a 2019 sai aka ga bai ƙara kwana ba, aka janye shi. Akwai inda aka yi nasara sosai, kamar sakomar ciki da hanji wadda ƙwayar imatinib ta sauya labarinta tun farkon shekarun 2000. Amma ga yawancin sauran, lokacin da ya rage na watanni ne ko 'yan shekaru. Tambayar ita ce: yaya mutum zai rayu a cikin wannan lokaci?

Nan ne jinyar sassauci ta shigo. Wadda ta kafa tushenta a zamanin nan wata Baturiyar Ingila ce, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin jinya, ta yi aikin jin daɗin jama'a, daga baya ta zama likita. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan. Ta koyar da cewa ciwon mai wannan hali ba na jiki kaɗai ba ne: akwai na zuciya, akwai na iyali da aljihu, akwai kuma na ruhi, kuma kowanne yana rura ɗan'uwansa. A tsakiyar shekarun 1970 wani likitan fiɗa a Kanada, Balfour Mount, ya shigar da wannan aiki cikin babban asibiti a Montreal. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na maganin ciwon masu sankara: a fara da mai sauƙi irin farasitamol, a hau zuwa matsakaici, sa'an nan a kai ga mai ƙarfi irin mofin. A 2002 kuma ta sabunta ma'anar wannan jinya, ta bayyana cewa ana iya fara ta tun farkon ciwo, tare da maganin da ake yi don tsawaita rai.

Hujja mafi ƙarfi ta zo a 2010. Likita Jennifer Temel da abokan aikinta a birnin Boston na Amurka sun ɗauki mutum 151 masu sankarar huhu da ta yaɗu, suka kasa su biyu. Kashi ɗaya aka yi musu magani yadda aka saba, ɗaya kashin kuwa aka haɗa musu da masu jinyar sassauci tun daga farko. Sai aka tarar waɗanda aka haɗa wa sun fi jin daɗin zamansu, masu ciwon damuwa a cikinsu kashi 16 cikin 100 ne, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 38. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne sun ma fi daɗewa: wata 11.6 a kan wata 8.9. A 2014 wani gwaji a Toronto mai mutum 461 masu sankara iri-iri ya nuna zamansu ya kyautatu. Daga nan ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa a fara wannan jinya cikin mako 8 da gano cewa sankara ta yi nisa.

Lalle ne in faɗa muku gaskiya a nan: gwajin Boston a kan sankarar huhu aka yi shi, don haka ba za a ɗauko ƙarin kwanan da aka samu a can a ɗora wa sakoma kai tsaye ba. Amma dalilan da suka sa aka ga amfani suna nan ga mai sakoma, wasu ma sun fi tsanani. Bari in kawo su.

Na ɗaya, ciwo. Ƙarin da ya ci ƙashi ko ya danne jijiya yana da zogi mai hana barci. Mofin na sha, idan aka ba da shi bisa agogo, ba sai ciwo ya taso ba, yakan kwantar da mafi yawansa. Dole a haɗa shi da maganin sassauta ciki, domin yana kawo taurin bayan gida. Gashi da na'ura, ko da sau ɗaya ne, yakan rage ciwon ƙashi. Wanda aka yanke wa ƙafa kuwa yakan ji zafi a ƙafar da babu ita. Wannan sananne ne a likitance, ba taɓin hankali ba ne, kuma akwai magungunan jijiya da ake ba shi.

Na biyu, numfashi. Tun da huhu cutar take nufa, sarƙewar numfashi takan zo, tare da tsoro. Mofin ɗan kaɗan, da iskar fanka ko mafici a fuska, da zuƙe ruwan da ya taru a ƙirji, duk suna kawo sauƙi.

Na uku, gyambo. Ƙarin da ya fashe yakan yi wari har 'yan'uwa su riƙa ja da baya, majiyyaci ya zauna shi kaɗai cikin kunya. Wanki mai kyau da maganin metronidazol a kan gyambon sukan kashe warin, mutum ya koma cin abinci cikin iyalinsa.

Na huɗu, shawara. Da yawa daga masu sakoma matasa ne, masu karatu ko masu ƙananan 'ya'ya. Iyali sukan sayar da gona da shanu don neman magani na uku ko na huɗu ba tare da an faɗa musu abin da zai iya yi ba. Idan aka zauna da su tun da wuri, cikin ladabi, a matakin da za su iya ɗauka, sai su zaɓa da ido buɗe. Wani zai ce a ci gaba da magani, wani zai ce a kai shi gida. Mutum yakan so ya biya bashi, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar 'yan'uwa, ya ga malaminsa ko fastonsa. Wanda aka ɓoye wa halinsa an hana shi duk wannan.

Yanzu sai in juya gare ku ma'aikatan gwamnati. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2020 cewa mutum miliyan 56.8 ne suke bukatar wannan jinya kowace shekara, amma wajen kashi 14 cikin 100 ne kaɗai suke samu. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa. Ga shi kuwa mofin magani ne mai arha. Abin da ya tare shi tsoro ne da tsaurin doka. Gaskiya ne shaye-shaye ya addabi matasanmu, kuma tsaro wajibi ne, amma tsaron da ya bar mai sankara yana kuka dare da rana ya wuce gona da iri. Uganda ta nuna hanya. A 1993 Likita Anne Merriman ta kafa gidan jinya a Kampala, aka riƙa haɗa mofin na ruwa mai arha, a 2004 kuma aka ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. A nan Nijeriya, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen wannan jinya a 2007. A 2014 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri yana kiran ƙasashe su shigar da ita cikin tsarin lafiyarsu.

Saboda haka abin da nake nema abu uku ne. A koyar da wannan jinya ga kowane ɗalibin likitanci da na jinya. A tanadi mofin na sha a manyan asibitocin jihohi, da rajista da mai lura. A kuma sa ya zama ƙa'ida cewa ranar da aka gano sakoma ta yaɗu, a ranar za a haɗa majiyyaci da masu sassauci, maganinsa na sankara kuma yana tafiya. Ku kuma ɗalibai, idan kun fita aiki, kada ku taɓa ce wa iyalin majiyyaci babu sauran abin yi, domin ko an kasa warkar da shi ana iya sa ya yi barci, ya ci abinci, ya zauna da nasa.