Daga Gadon Majinyaci Zuwa Teburin Binciken Gawa: Yadda Aka Gano Sirrin Shanyewar Ɓarin Jiki



Idan mutum ya kwanta lafiya ya tashi baki a karkace, hannu da ƙafa sun ƙi motsi, har yanzu a unguwanninmu sai ka ji ana cewa iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa. Kada mu yi saurin dariya. Likitocin Turai ma sun daɗe suna lalube, sai a 1658 Johann Jakob Wepfer, likita ɗan Suwizalan, ya buɗe kawunan waɗanda wannan ciwo ya kashe ya ga jini malale a ƙwaƙwalwa.

Wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne Miller Fisher, likita ɗan Kanada da ya rasu a 2012. A wani asibitin tsofaffin sojoji a Montreal, wani majinyaci ya faɗa masa cewa kafin jikinsa ya shanye, idonsa ɗaya yakan makance na 'yan mintuna ya dawo, kuma idon yana ɓarin da bai shanye ba. Da wani likitan ne, da ya ɗauka surutun mara lafiya ne. Fisher kuwa ya riƙe maganar, ya shiga ciro jijiyoyin wuyan gawawwaki yana tsagawa, abin da masu binciken gawa ba su cika yi ba a lokacin. Sai ga kitse da daskararren jini sun toshe babbar jijiyar da ke shayar da ido da ƙwaƙwalwa. Ya wallafa wannan a 1951, kuma a 1954 aka yi wa wata mata tiyatar wannan jijiya a Landan.

Aikinsa na biyu ya fi cin rai. A Boston ya riƙa yanka ƙwaƙwalwa falle-falle, siraran da ba su kai takarda kauri ba, dubbai, yana duba su ɗaya bayan ɗaya a madubin likita, yana bin jijiya mai sirantar gashi har ya iske inda ta toshe. Da haka ya bayyana 'yan ramukan da irin wannan toshewa ke bari can cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda ba su wuce milimita 15 ba, ya kuma nuna cewa hawan jini ne ke cinye bangon jijiyoyin.

Wannan ya taɓa mu kai tsaye. Binciken SIREN da aka gudanar a Najeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyatan fashewar jijiya ce ta same su, ba toshewa ba. Bambancin ba ƙarami ba ne: allurar narkar da daskararren jini, wadda ake yi cikin awa huɗu da rabi da fara ciwon, tana ceton mai toshewa, tana iya hallaka mai fashewa.

Mu kuwa mukan yi wa mamaci sutura a ranar da ya rasu, kuma iyalai ba sa son a taɓa gawa. Ba na ganin wannan zai sauya, ban kuma zo neman ya sauya ba. Abin da nake nema a wajen hukumomin asibitocinmu shi ne na'urar hoton ƙwaƙwalwa mai aiki dare da rana a farashin da talaka zai iya, da rajistar da za a riƙa rubuta abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa kusa da abin da hoton ya nuna.