Sandar Golf Ma Sai An Gyara Ta Daidai Da Mai Ita



Yau a kan golf za mu yi magana. Na san wani zai ce, "Kai malam, ana fama da tsadar rayuwa kana kawo mana wasan masu kuɗi?" Ka ɗan yi haƙuri ka ji ni zuwa ƙarshe, domin maganar sana'a ce.

Mu mutanen Dutse muna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Marigayi Mai Martaba Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya hau gadon sarauta a 1995 ya rasu a watan Janairun 2023, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana filin golf a garin nan, cike da bishiyoyi. Talaka kuwa yawanci ta hanyar ɗaukar jakar 'yan wasa yake shiga golf. Yana bin su yana kallo, har wata rana wani ya ba shi tsohuwar sanda, ko ya sayi ta gwanjo. To a nan matsalar take fara wa. Sandar nan don wani aka yi ta, wataƙila dogon mutum mai manyan hannaye a Ingila ko Amurka. Hausawa kuwa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Duk wanda ya taɓa noma ya san abin da nake nufi. In ka karɓo fartanya daga maƙeri, ƙotar ta yi maka tsawo ko kauri, kafin azahar bayanka ya gaya maka. Haka sandar golf take. Kashi uku gare ta: mariƙi, jiki, da kai. Kowanne ana gyara shi.

Mu fara da fota, wato sandar da ake tura ƙwallo cikin rami da ita in an zo kusa. Doka ta ba ɗan wasa damar ɗaukar sanduna 14 kacal, amma babu wadda yake taɓawa kamar wannan. Lissafin mai sauƙi ne. Fili cikakke ramuka 18 ne, kuma a filin da ake sa ran gwani ya kammala da bugu 72, an ware turi biyu ga kowane rami. Ka ga 36 kenan, rabin wasan, da sanda ɗaya.

Yawancin fota tsawonsu inci 33 zuwa 35 ne. Ta yaya za ka san taka ta yi maka daidai? Ka tsaya yadda ka saba, ka ɗauki wata ƙwallon ka riƙe ta a tsakanin idanunka, ka sake ta. In ta faɗo kan ƙwallon da ke ƙasa ko dab da ita ta ɓangarenka, lafiya lau. In ta faɗo kusa da ƙafafunka, ka yi nisa da ƙwallo, kuma sau da yawa tsawon sandar ne ya tura ka baya. Maganinsa a cire mariƙin, a yanke daga sama da zarto, a mayar da sabo. Amma fa a kula: in ka rage tsawo, kan sandar zai ji maka kamar ya yi sauƙi a hannu. Shi ya sa masu gyara suke manna salatif ɗin dalma a ƙasa ko bayan kan, kaɗan-kaɗan, ana gwadawa, har nauyin ya dawo. Dalma guba ce, a wanke hannu bayan an taɓa ta, kuma kada a bar ta inda yara suke.

Sai mariƙi. Wannan shi ne gyara mafi araha, kuma shi aka fi sakaci da shi. Zafin garinmu da bushewar hunturu suna busar da roba ta yi santsi. In ta yi santsi sai ka ƙara matse hannu ba ka sani ba, in ka matse kuwa bugun ya lalace. Ka riƙa wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, kada kuma ka bar jaka a bayan mota cikin rana. Wajen kauri, ka riƙe sandar da hannunka na sama: yatsan tsakiya da na kusa da shi su ɗan taɓa tudun babban yatsa. In sun nutse cikin tafin hannu, ya yi maka siriri, sai a ƙara naɗin salatif a ƙarƙashinsa. In ba su kai ba, ya yi kauri.

Na uku, yadda kan sandar yake zama a ƙasa. Ka manna farin salatif a ƙasan kan sandar ƙarfe, ka buga ƙwallo a kan katako mai laushi, ka duba inda ya goge. A tsakiya ya kamata. In ta wajen dunduniya ya goge, hancin sandar yana ɗagawa sama, kuma mai bugu da dama zai ga ƙwallonsa tana ta tafiya hagu. Yaro zai yi shekara yana zargin hannunsa, alhali laifin sandar ne. Wannan gyaran kam sai da na'urar lanƙwasa wuya, kuma wasu kawunan karyewa suke in an matsa musu. Don Allah kada a kai wa mai walda ya sa guduma.

Abu ɗaya game da doka: duk gyaran da za ka yi, ka yi shi kafin a fara wasa. Da zarar an fara zagaye, ba a yarda ka sauya yadda sanda take aiki da gangan ba. Haka kuma tun 2016 an hana jingina ƙarshen fota a ciki ko a ƙirji yayin turi.

To ina sana'ar take? Bari na ba ku labarin Karsten Solheim. A Norway aka haife shi, ya tashi a Amurka, mahaifinsa mai gyaran takalma ne, shi ma ya yi aikin kafin ya zama injiniya. Sai da ya wuce shekara 40 ya fara golf. Fotar da yake samu a kasuwa ba ta gamsar da shi ba, sai ya shiga garejin gidansa ya ƙera tasa a 1959, ya raba nauyin kan zuwa gefe biyu domin kada ya juya in ƙwallo ba ta daki tsakiya ba. Daga ƙarar da take yi aka samo sunan Ping. A 1966 ya fito da samfurin Anser, wanda har gobe kamfanoni suna bin siffarsa.

Mu dawo gida. Muna da matasan da suke buɗe waya su gyara abin da ido da ƙyar yake gani. Muna da 'ya'yan maƙera da dukawa waɗanda suka gaji sanin ƙarfe da fata. Sauya mariƙi, rage tsawo, manna kan da ya kwance da gam mai ƙarfi, daidaita nauyi, duk ba su fi ƙarfinsu ba. Kayan farawa ma ba su da yawa: zarto, wuƙa, tef ɗin awo, ƙaramin sikeli, da abin matse sanda a kan tebur. Kuma masu bukata ba a Dutse kawai suke ba, akwai filayen golf a Kano da Kaduna da Zariya da Jos da Abuja.

Saboda haka kirana biyu ne. Ga iyayenmu masu buga golf: sandunan da kuka ajiye a gida, ku ba yaran da ke ɗaukar muku jaka, ku kuma taimaka a gyara su daidai tsawonsu. Ga 'yan uwana matasa: wanda yake da sha'awa ya nemi tsohuwar sanda ɗaya da ta lalace, ya koyi cire mariƙi da mayarwa a kanta kafin ya taɓa ta wani.

Ku gaya mana, akwai wanda kuka sani yana wannan aikin a Jigawa ko Kano? Muna so mu gayyato shi cikin shirin nan ya koya mana da bakinsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya sa albarka a cikin neman kowa. Wassalamu alaikum.