Dutsen Malbaza da Ginin Yama: Abin da Karatun Gida Zai Ba Yaron Katolika a Ƙasar Ƙonni



A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai iyalan Katolika da ke cire ƴaƴansu daga makaranta kacokan. Gidaje kaɗan sukan haɗa kai, wannan uwa ta ɗauki lissafi, waccan zane, wata kuma addini. Na ji wasunmu suna sha'awar tsarin. A Ƙonni ba zai yiwu ba, kuma ban ga dalilin da za mu so ya yiwu ba. Kiristocin Nijar duka ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, Katolika kuwa wani yanki ne na wannan ɗan kashin, da yawansu ma iyayensu daga Benin, Togo, Burkina Faso ko Najeriya suka zo neman abinci. Yaron da aka killace a gida, da wa zai yi wasa, da wa zai yi ciniki in ya girma? Ga kuma jarrabawar BEPC tana jiransa. Lakwal dai dole ce.

Abin da ke hannunmu shi ne ɗan lokacin nan na yammacin Asabar ko bayan addu'ar Lahadi, da ake tara yara a harabar coci ko a tsakar gidan wani don koyon addini. Tun da aka kafa Dayosis ɗin Maradi a 2001, wanda Tawa da Ƙonni ke ƙarƙashinsa, wannan zama shi ne ya riƙe yaranmu. Kuma ba alfarma ake wa iyaye ba: takardar Majalisar Batikan ta Biyu kan tarbiyya, ta 1965, su ta sa a sahun farko na masu ilmantar da yaro. Maganata ita ce muna ɓarnar wannan lokaci. A lakwal yaro yana haddace kimiyya da Faransanci, ya zuba wa mushe ita ranar jarrabawa. A wurinmu yana haddace tambaya da amsa. Zane kuwa, in an yi, gida ne mai bututun hayaƙi da ya kwafa daga littafi, irin wanda bai taɓa gani ba. Hadda a can, hadda a nan, ba a taɓa ce masa ɗauki wannan ka duba ba.

To, mu fara da dutse. Tun shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza, saboda farin dutsen da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasar wurin, irinsa ne kuma ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato. Wanda ya tsuguna ya tona tarkacen dutsen nan zai tarar da katantanwa da makankari sun daskare sun zama dutse. In an yi sa'a a samu bushiyar teku, dunƙulalliya, ta cika tafin hannun yaro, a bayanta da zane mai kunne biyar kamar fure. Halittun ruwan gishiri ne, a wurin da yau sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin a ga teku. Masana duwatsu sun nuna cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce ruwan teku ya rufe wannan yanki, ɓawon halittunsa ne ya taru a ƙasan ruwa, ya danne juna har ya zama dutsen da ake ƙonawa yau.

Darasin ba ya cin ko dala. A sa yara su daka ɗan gutsuren farin dutsen, su daka marmara a gefe, a matsa lemun tsami a kan kowanne. Garin farin zai yi ƴan kumfa yana tsiyaya, marmara ko motsi. Iskar da ke fita ita ce dai wadda ke tashi in an buɗe lemun kwalba, ita ce kuma ke fita idan aka haɗa dutsen da laka aka gasa a zafin da ya kai digiri 1,450. Kada wani mai zafin nama ya ɗebo ruwan batir wai don kumfar ta fi yawa, lemun ya isa. Kada kuma a kai yara bakin ramin haƙa, babba ya tsinto ya kawo. Daga nan kowane yaro ya zana abin da ke hannunsa, ya ƙirga layukan, ya danna shi a kan laka ya ga shatinsa. Wanda ya zana abu ya dube shi sau goma, wanda ya haddace sunansa ko sau ɗaya bai duba ba.

Na san inda za a tare ni. Yaro mai wayo zai ce: Malam, ai Littafin Farawa kwana shida ya ce, ina miliyan 60 ta fito? Yawancinmu a nan muke tsawatawa, ko mu ce kimiyya ƙaryar Nasara ce, alhali Ikilisiya ba ta ɗora mana wannan nauyi ba. Waliyyi Agustin, ɗan Afirka ne, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya rasu a 430. A sharhinsa na Farawa ya gargaɗi Kiristoci da kada su yi ta soki-burutsu kan sama da ƙasa suna jingina shi ga Littafi Mai Tsarki, don wanda ya san abin zai yi musu dariya, ya raina littafin gaba ɗaya. Mutumin da ya nuna da lissafi a 1927 cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, Georges Lemaître, fada ne ɗan Beljiyam. Abin da ya fi burge ni a tarihinsa ma ya zo a 1951, lokacin da Paparoma Pius na 12 ya so ya ɗauki wannan bincike a matsayin hujjar halitta. Lemaître bai ji daɗi ba, domin a ganinsa bangaskiyar da aka ɗaure a jikin lissafi za ta girgiza duk ranar da lissafin ya canja. Don haka amsar da za a ba yaron gajera ce: Farawa yana gaya maka Wane ne ya yi, da abin da ya sa ka zama amana a hannunsa; dutsen yana gaya maka yadda aka bi da tsawon lokacin da aka ɗauka. Sai a bar shi ya ci gaba da tambaya.

Sai gini. A ƙauyen Yama da ke ƙasar Illela akwai masallacin Juma'a na ƙasa wanda Falke Barmu, magini kuma manomi, ya fara a 1962. Gari ne ya yi aikin gayya: masu kwaɓa, masu ɗebo ruwa, masu kawo itace. Daga baya ya sake rufin, ya ɗora ƙubba, ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi, ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini, aka buga hotunansa a duniya. Yara nawa ne a Ƙonni, Musulmi ko Kirista, suka san da shi? Wani uba zai ce me ya kai ɗana kallon masallaci. Takardar Nostra Aetate, ita ma ta 1965, ta ce Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, kuma yaron da aka haifa a nan, hannun Falke Barmu gadonsa ne kamar yadda yake gadon maƙwabcinsa. A nemi izinin liman da mai gari, a tsaya inda aka ce a tsaya. Tambayoyin da ke wurin na kimiyya ne tsantsa: me ya hana bakan gizo faɗuwa alhali ba ƙarfe a ciki? Me ya sa cikin ginin ƙasa ke da sanyi a watan Afrilu, ɗakin kwano kuwa ya gagari zama? Don me ake zuba ciyawa a kwaɓi?

A Burkina Faso yara kan gina ɗan ɗakin haihuwar Yesu da laka a ƙofar gida kafin Kirsimeti, al'adar da asalinta ke komawa ga Waliyyi Faransis a 1223. Iyayen da suka zo daga can sun san ta. Me zai hana namu su gina shi da tubali, da ɗan bakan gizo, da rumbu mai tumbi irin na Adar a gefensa? Zai rushe, su sake, a sakewar ne za su gane abin da ke hana bakan gizo faɗuwa. A nan ma muna da abin koyo wurin makarantar allo, inda almajiri ke haɗa tawadarsa da kansa da baƙin tukunya da ƙaro, ranar sauka kuma a yi wa allonsa zayyana. Maƙwabtanmu ba su taɓa raba aikin hannu da karatun addini ba.

Albasar Galmi ba sai na daɗe a kanta ba, kowa ya san ana lodinta har Akra da Abijan. A ba yaro kai ɗaya ya dasa, ya ga yadda take fitar da fure ta ba da iri, ya tambayi manomi abin da ke sa ta ruɓe a rudu. A ba shi wake fari da ja ya shuka ya rubuta abin da ya fito. Gregor Mendel, wanda ya gano ƙa'idar gadon kamanni ya wallafa a 1866, fada ne da ya yi shekaru yana ƙirga ƴaƴan wani dangin wake a lambun gidan ibada.

Matsalar da ta rage ita ce mai koyarwa da harshe. Katakis bai karanta ilmin duwatsu ba, uwa kuma tana iya cewa ita ba ta yi lakwal ba. Amma cikin jama'ar cocinmu da maƙwabtanmu akwai ma'aikacin kamfanin siminti, akwai magini, akwai mai lambu a fadamar Ƙonni, akwai tsohuwa mai sassaƙar ƙwarya. A gayyaci kowanne Asabar ɗaya, Musulmi ne ko Kirista, a biya masa kuɗin kabu-kabu. A yi zaman da Hausa, wadda dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga ta zama harshen ƙasa, ita ce kuma yaran Togo da na Burkina ke wasa da ita a titi. Sunan abu na Faransanci ya biyo baya, don jarrabawa. Kuma a sa zaman a lokacin da ƴan mata suka gama ɗiban ruwa, in ba haka ba maza kaɗai za mu tara.

Roƙona ga malaman Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da ke cikin zauren nan: muna bukatar ɗan littafi da Hausa, shafi ashirin ma ya isa, mai hoton kowace halitta da ake tsinta a dutsen Malbaza da sunanta da shekarunta, wanda katakis da malamin Islamiyya za su iya saye a farashi ɗaya a kasuwar Ƙonni.